Iri Ba Shi da Ƙafa

An yi wani mutum a wajen Wurno, manomin rani, mai ɗan taɓa kabu-kabu idan aikin fadama ya yi sauƙi. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma ba su suka yi laifin ba.

Mutumin nan yana da aboki tun na ƙuruciya, ana ce masa Siddiƙu. Tare suka yi makarantar allo, gonakinsu suna maƙwabtaka, in an kawo wa ɗaya fura a gona sai ya kira ɗayan. Gidan su Siddiƙu suna da wani irin tafarnuwa da suka gada tun daga kaka. Kanta babba ne, ɓawonta ja-ja kamar hannun amarya, don haka ake kiranta Mai Lalle. Duk kasuwar da ta shiga ita ake fara ɗauka. Kuma ƙa'idar gidan ce iri ba ya fita. Sukan sayar da ta ci, amma sai sun yanke gindinta yadda ba za ta tsiro ba. Ta shuka kuwa a ɗakin uwargida take zama.

Matar Siddiƙu sunanta Mashkura, 'yar wani malami ce daga Maikujera, tana koyar da 'yan mata a Islamiyyar unguwa. Ita ke ajiyar irin. Ita ta san lokacin da ake shanya shi, da lokacin da ake juya shi da damina don kada ya yi gumi, ita ke ɓare shi in shuka ta zo. Mace ce mai tafiya kai a ɗage, ba ta yawan dariya a hanya. Wasu na cewa girman kai ne. Mijinta na cewa kunya ce.

Wata rana a bakin fadama, gaban jama'a, mutumin nan ya roƙi Siddiƙu ya sam masa iri ko mudu ɗaya. Siddiƙu ya yi dariya ya ce, "Aboki, roƙe ni rigar wuyana in tuɓe ma yanzu. Mai Lalle dai ba ta aure waje." Aka yi dariya, shi ma ya yi. A shekarar ce kuma manoma suka zaɓi Siddiƙu ya shugabanci rabon ruwa, matsayin da mutumin nan ya daɗe yana auna wa kansa.

Ya 'yan uwa, haka hassada take shiga, cikin dariya. Siddiƙu ya manta da maganar kafin la'asar. Abokinsa kuwa ya kai ta gida, ya kwana da ita, ya tashi da ita. In ya ga Siddiƙu ya wuce, sai ya ji a ransa an tauye shi. Me Siddiƙu ya fi shi? Iri, da kujera, da gida mai kwanciyar hankali. Iri da kujera bai san ta inda zai ɓullo musu ba. Gidan ne ya ga zai iya taɓawa.

Akwai wani manomi a fadamar mai suna Haliru, wanda ya taɓa neman Mashkura kafin a ba Siddiƙu. Magana ce ta shekara takwas, kowa ya yi aurensa, an manta. Mutumin nan bai manta ba.

Da lokacin shuka ya zo, Siddiƙu ya ce masa ya kai masa buhun iri gona a kan babur, kamar yadda suka saba. A hanya ya tsaya, ya kwance bakin buhu, ya cika aljihunsa na dama, ya cika na hagu, ya ɗaure yadda ya same shi. Ranar Juma'a, da ya ga fadama ta watse kowa ya tafi masallaci, sai ya shiga gonar Haliru, wadda aka shuka jiya-jiya. Ya tone abin da ke cikin fangalin ƙarshe na bakin hanya, ya maye gurbinsa da Mai Lalle ta aljihun dama. Yana durƙushe yana jin liman yana huɗuba a lasifika. Bai tashi ba.

Ta aljihun hagu fa? Ya dube ta, ya kasa zubarwa. Abin da ya roƙa aka hana shi, ga shi a hannunsa. Ya ce a ransa ladan wahala ne. Ya kai ta can gefen Goronyo, gonar kawunsa, ya shuka ta inda ba ɗan Wurno mai bi.

Sai ya zauna jira. Wata huɗu yana jira, ya 'yan uwa. Wata huɗu yana cin tuwon Mashkura, yana sallah kafaɗa da kafaɗa da Siddiƙu, yana sane da abin da ke girma a ƙarƙashin ƙasa. Kowace safiya Allah yana ba shi damar ya je ya tuge fangalin nan. Bai je ba.

Da aka fara cira, Haliru ya baza tafarnuwarsa a bakin gona tana shan iska. Mutumin nan ya ɗauko Siddiƙu a babur, ya bi ta nan da gangan, ya rage gudu. Jan ɓawo yana ta ƙyalli a cikin fari.

Siddiƙu ya sauka ya ɗauki kai ɗaya, ya juya shi. Ya ce, "Wagga ai tamu ta."

Mutumin ya ce, "Haba, kama dai ta. Hau mu tahi."

"Na san ta kamar tahin hannuna. Wa yab ba shi?"

"Ni ban ce komi ba, aboki. Kada ka sa ni cikin maganar gidanka." Sannan ya ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, "Iri dai ba shi da ƙahwa. Wa ke riƙe da makullin ɗakin?"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ambaci sunan kowa ba. Sauran aikin zuciyar Siddiƙu ce ta ƙarasa shi.

Haliru ya rantse da Allah shi ma a fangali ya tsince ta, bai san yadda aka yi ba. Wa zai yarda? Ya tattara Mai Lallen duka ya kai ƙofar maigari, ya ƙone ta gaban shaidu. Aka ce ɓoye shaida yake yi. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya bar garin.

Mashkura kuwa, da mijinta ya jefa mata kan tafarnuwa a cinya ya tambaye ta, sai ta dube shi ta ce, "Ban ba shi ba. Na hwaɗi sau ɗaya, ba ni maimaitawa. Shekara takwas kana tare da ni, Malam. In su ba su ishe ka shaida ba, rantsuwata ba ta isarka."

Ya so ta yi kuka, ta kama ƙafarsa. Da ba ta yi ba, sai ya ɗauka taurin kan mai laifi ne. Ya rubuta mata saki uku. Tana da ciki wata huɗu, cikin da suka shekara takwas suna roƙon Allah. Ya ce ba nasa ba ne.

Maƙwabta suka ba ta shawara ta bari sai gari ya yi duhu ta fita ta bayan gida. Ta ƙi. Ta ajiye makullin ɗakin iri a kan tabarmarsa, ta ɗauki littattafanta, ta bi ta tsakiyar gari da rana tsaka har tasha. Mutumin nan yana tashar a kan babur. Ta gaishe shi yadda ta saba gaida abokin miji. Ya amsa.

Labari ya riga ta isa Maikujera. Ta haifi 'ya mace. Ranar suna ba rago daga gidan uba, ba ko goro. Mahaifin Mashkura, tsoho, ya yanka akuyarsa, ya raɗa wa jaririya Firdausi. Mashkura ta buɗe karatu a zauren mahaifinta. Yara ashirin suka fara zuwa, iyaye suka riƙa janye su ɗaya bayan ɗaya har saura uku. Ta ci gaba da koyar da ukun nan kamar ashirin ne. In ta je rijiya hira ta tsaya, sai ta yi sallama da ƙarfi, ta ja ruwanta, ta tafi. Ba wanda ya taɓa ganin hawayenta sai mahaifiyarta.

A gidan Siddiƙu kuwa, irin ya zauna a buhu a ɗaure, ba mai shanyawa, ba mai juyawa. Damina ta wuce, aka buɗe ɗaki, wari ya tarbe su. Irin da aka riƙe tun zamanin kaka ya ruɓe gaba ɗaya. Mai Lalle ta ƙare a Wurno.

Siddiƙu ya rame, ya daina shiga mutane. Ya ajiye shugabancin ruwa, aka ba abokinsa. Abokin yana zuwa kullum ya zauna da shi a zaure. A shekara ta huɗu hawan jini ya kayar da Siddiƙu. Kwana biyu kafin ya cika, ya kama hannun mutumin nan ya ce, "Duk garin ga kai ɗai ab ba ka ɓoye man gaskiya ba. Allah shi saka ma."

Kun ji addu'a? Allah ya saka masa. Kuma ya saka.

Mutumin nan ne ya yi wa Siddiƙu wanka, shi ya kama makara ta gaba.

Bayan shekara biyu da rasuwar, ya ga ƙura ta lafa. Irin nan na aljihun hagu ya hayayyafa a gonar kawu, shekara bayan shekara, har ya zama buhuna. Ya ce a ransa, mai abu ya mutu, Haliru ya yi nisa, wa ya rage? Ya kai kasuwar Goronyo.

Allah ya kawo wani tsohon dillali ɗan Wurno, wanda ya yi shekara talatin yana sayen Mai Lalle daga hannun uban Siddiƙu. Ya zura hannu a buhu, ya ɗago kai ɗaya, ya tsaya cik.

Ya ce, "Kai, wagga ta mutu tun kahin mai ita. Ina kas samo ta?"

Mutumin ya ce Siddiƙu ne ya ba shi. Dillali ya ce, "Ina nan tsaye ranar da yah hana ka." Ya ce to, daga wajen Haliru ne. Dillali ya ce, "Ina nan tsaye ranar da yaƙ ƙone tashi." Mutane suka fara taruwa. Sai kawunsa, tsoho mai gaskiya wanda bai san komai ba, ya matso don ya kare shi. Ya ce, "Ku bar yaro, ba ta sata ba ce. Shi da kainai yak kawo ta cikin aljihu, rani shida ke nan, gabana yash shuka ta."

Rani shida. Dillali ya ƙirga da yatsu, jama'a suka ƙirga tare da shi. Shekarar da aka ga Mai Lalle a gonar Haliru ke nan. Ashe iri yana da ƙafa, kuma babur ya hau.

Gaban maigari ya faɗi komai, har da Juma'ar da ya bari. Ba wanda ya doke shi. Aka karɓe shugabancin ruwa. Buhunan nan ba wanda ya taya, suka zauna har suka tsiro a ciki. Fasinja ya gwammace ya taka da ƙafa da ya hau bayansa. Matarsa ta ce ba ta iya kwana gida ɗaya da wanda ya yi wa aboki wanka da hannun da ya kashe shi, ta tafi gidansu. A masallaci, in ya shiga sahu, sai na kusa da shi ya ɗan matsa.

Da duniya ta yi masa ƙunci sai ya tafi Maikujera. Ya tarar da zauren cike da 'yan mata, har wasu a waje. Mashkura ta fito, yarinya 'yar shekara biyar tana riƙe da gefen hijabinta. Ya dubi yarinyar, sai ya ga goshin Siddiƙu da idanunsa. Ya zube ƙasa.

Yarinyar ta ce, "Inna, wa na na?"

Ta ce, "Abokin babanki na. Shiga ciki."

Ya ce, "Malama, ki yahe man."

Ta ce, "Tashi, ba a durƙusa ma mutum. Nawa haƙƙi tun ranar da nib bi ta tasha nib bar ma Allah, ban ɗauko shi nan ba, ya yi man nauyi. Na Haliru, nemo shi inda yake. Amma Siddiƙu ya tahi shina ganin ɗiyar ga ba tashi ba ce. Ko sau ɗaya bai ɗauke ta ba. Wanga ba ni iya yahe shi, don ba nawa ba ne. Tahi ka gaya mai."

Ta koma ta ci gaba da karatu.

Ya 'yan uwa, ya tafi. Har yau, in kun bi ta maƙabartar Wurno bayan la'asar, kuna iya ganin wani mutum mai yagaggiyar riga a tsugune gefen wani kabari, yana bayani da hannu. Yana faɗin aljihun dama da na hagu, yana faɗin fangalin ƙarshe, yana cewa yarinyar tana da goshinka. Ya gama, ya saurara. Gobe ya dawo ya sake daga farko.

Me ya samu? Ya so iri, irin ya tona shi. Ya so kujera, an karɓe. Ya rushe gidan abokinsa, nasa ya bi baya. Dukiyar da ka sace kana iya mayarwa, amma wanda ya shiga kabari da mummunan zato a kan matarsa da 'yarsa, ta ina za ka gyara masa?

Kuma kada mu jibga masa laifin shi kaɗai mu kaɗe riga. An umurce mu mu bincika labari kafin mu yi hukunci. Siddiƙu, Allah ya gafarta masa, ya fifita kan tafarnuwa ɗaya a kan shekara takwas na amana. Bai tambayi kansa hannu nawa buhun ya bi ba. Ya ku maza, rashin kukan mace ba shaidar laifi ba ne. Ya ku mata 'yan uwana, waɗanda suka janye 'ya'yansu daga zauren nan, da waɗanda suka yi shiru a bakin rijiya, su wa suka yi wa ƙaryar ban ruwa har ta girma? Shi ya shuka, mu muka shayar. Yanzu kowa na cewa dama shi bai taɓa yarda ba. Ina kuke ranar suna?

Wadda aka zalunta kuwa, ta riƙe kanta, ta riƙe Ubangijinta. Gaskiya tana iya yin rani shida a ƙarƙashin ƙasa, amma ranar cira tana nan tafe.

Ya Allah, ka wanke zukatanmu daga ƙyashin abin da ka ba wani. Ka tsare harsunanmu daga rabin magana mai rushe gida, ka tsare kunnuwanmu daga karɓarta. Ka jiƙan Siddiƙu, ka raya Firdausi. Allah ya kiyaye mu da ɗaukar haƙƙin da mai shi ya riga mu kabari. Amin.