Ranar Da Gashin Glenda Ya Miƙe Tsaye

Akwai wani mutum a garinmu, nan gindin duwatsun Colorado, ana ce masa Royce. Gyaran rufin gidaje yake yi. Shekara talatin yana kan rufin mutane, don haka gani yake babu abin da wani zai koya masa game da sama. Ba mugu ba ne, jikokina. Kunne ne dai ba shi da shi.

Matarsa Glenda maƙwabciyata ce, mace mai sanyin hali. In ya ce gabas, ko ta san yamma ce, sai ta ɗaura takalmi ta bi shi.

Kowa a nan ya san dokar watan Yuli. Ka fita da asuba, ka hau dutse, ka more idonka, amma kafin sha biyun rana ka sauko cikin itatuwa. Domin da rana ta take tsaka hadari ke haɗuwa a kan duwatsu, kuma can sama inda itatuwa suka ƙare, babu abin da ya fi mutum tsawo. Aradu kuwa dogon abu take nema.

To, akwai wani kwari bayan gari mai tafkuna huɗu, wani bisa wani. Biyu suna cikin itatuwa, biyu suna can kan tsuran dutse. Royce ya cika baki a gidan abinci cewa ranar Asabar zai wanke fuskarsa a dukkan huɗun, ya kawo wa abokansa hoto.

Ranar Asabar ɗin ba su bar gida ba sai ƙarfe tara, don ya ce shi ba zai hau dutse ba sai ya ci fanke da ƙwai. Glenda ta tuna masa sun makara. Ya nuna mata sama fes, ya ce ta daina tsufa da wuri.

Tafki na farko lafiya lau, furanni ko'ina. A na biyu suka zauna suka ci burodi da cuku. Sai dai iska ta tsaya cak, ƙudaje suna ta cizo, zafin kuma ba irin na kan dutse ba ne.

Suna tashi suka yi kiciɓis da Opal tana saukowa. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da huɗu, a kwarin nan ƙafarta ta tsufa.

Ta ce, "Royce, ina kuma za ka da ranar nan?"

Ya ce, "Sama, Iya. Zo mu koma, in kin gaji sai in goya ki."

"Goya matarka ka kai ta mota. Sha ɗaya da rabi ta wuce. Dubi bayan dutsen can."

Ya duba. Wani ɗan farin girgije ne kamar auduga. Ya yi dariya ya ce hularsa ma ta fi shi girma. Opal ba ta ƙara bi ta kansa ba. Ta kama hannun Glenda ta ce, "'Yata, in shi ya ƙi, ke ki dawo." Glenda ta yi murmushi, ta ce shekara ashirin da shida ba ta taɓa barinsa ya tafi shi kaɗai ba.

Suka ci gaba. Itatuwa suka dinga gajarta har suka ƙare.

Tafki na uku ruwansa ya yi baƙi ƙirin, ko motsi ba ya yi. Ɓerayen dutsen nan da kullum suke yi wa mutane fito duk sun shige ramukansu. Girgijen da aka raina ya riga ya cinye rabin sama, cikinsa ya yi duhu.

Aka yi walƙiya daga nesa. Glenda ta ƙirga a ranta kamar yadda aka koya mana tun muna yara, sai da ta kai ashirin kafin tsawa ta iso. A walƙiya ta gaba, sha ɗaya kawai ta kai, wato aradun tana matsowa.

Ta roƙe shi su juya. Ya ce saura tafiyar minti ashirin, kuma me zai gaya wa mutanensa ranar Litinin, cewa tsohuwa da girgije sun koro shi? Ya wanke fuska, ya ɗauki sandarsa ta ƙarfe, ya kama hawa. Ta tsaya kaɗan tana kallon hanyar gida. Sannan ta bi shi.

Sun kai wani fili a sama, babu ko ciyawa, sai sandunan ƙarfen da suke dogarawa suka fara wata ƙara kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Glenda ta ji fatar hannunta tana tsikari. Royce ya waiwayo, ya ga gashin kanta duk ya miƙe tsaye, ɗaya bayan ɗaya, yana nuna sama.

Ku ji ni da kyau. In gashin mutum ya yi haka a kan dutse, aradu ta riga ta zaɓi wurin. Abin yi shi ne a jefar da ƙarfe, a ruga ƙasa. Royce ya san wannan, mai aikin rufi ne. Amma abin dariya ya ba shi.

Ya ciro waya ya ce, "Tsaya, kar ki motsa. Kin koma beguwa sak."

Ta ce, "Royce, yar da sandar nan mu gudu."

"Hoto ɗaya kawai," in ji shi, yana ta dariya.

Ta tsaya, don ta saba tsayawa.

Shi dai ya ce bai ji ƙara ba, fari kawai ya gani. Da ya farfaɗo yana kwance rigingine, ƙanƙara tana dukan fuskarsa, wurin yana warin ƙonannen gashi. Glenda tana can gefe, takalminta ɗaya ya yi tsalle ya faɗa nesa, jini yana fita ta kunnuwanta. Tana numfashi, amma ya kira sunanta har muryarsa ta dishe, ba ta amsa ba.

Ya saɓa ta a kafaɗa ya gangaro, yana faɗuwa yana tashi, tsawa tana bin bayansa. A bakin itatuwa ya tarar da Opal zaune cikin rigar ruwa. Ashe ba ta tafi gida ba, jiransu ta tsaya yi. Tana da wata 'yar na'ura ta kiran masu ceto, ta danna. Ta cire rigarta ta lulluɓe Glenda. Royce bai iya kallon idon Opal ba. Sai da hadari ya wuce, wajen awa uku, jirgi mai saukar ungulu ya iya zuwa.

Glenda ta rayu, mun gode Allah. Kunnuwanta ne ba su dawo ba. Sau biyu likitoci suna yi mata aiki, babu nasara.

Duk Laraba nakan kai musu miya. Wata Laraba na same shi durƙushe a gabanta yana ba ta haƙuri, ita kuma tana kallon bakinsa yana motsi. Da ya ga ba ta gane ba, sai ya rubuta a takarda ya miƙa mata. Ta karanta, ta shafa kansa, sannan ta yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryarsa.

Ta ce, "Na yafe maka tun muna asibiti. Abu ɗaya ne ya ƙi barina. Abin da na ji na ƙarshe a duniyar nan, dariyarka ce."

Na ajiye miyar a kan tebur na fito.

Darasi: In wanda ya fi ka sanin hanya ya ce ka juya, ka juya, ko da abokai za su yi maka dariya. Taurin kai ba mai shi kaɗai yake ci ba, yakan faɗa kan wanda ya biyo ka saboda ƙauna. Ke kuma mai haƙuri, in kin ga halaka, ki ce a'a ki kama hanyar gida. Ku tura labarin nan ga duk mai irin kunnen Royce, tun na kusa da shi suna iya jin ban haƙurinsa.