Motar Tasi'u da Man da Ya Ƙare a Hanya

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

Wata tsohuwa ce, Inna Kulu, kububuwa ta sare ta a gona da rana tsaka. 'Ya'yanta uku: Tasi'u, Saratu da Lawandi. Biyun farko suna ƙauyen, Lawandi kuwa yana birni, inda asibiti mai maganin dafi yake. Suka buga masa waya, suka sa tsohuwa a motar Tasi'u.

Motar irin ta zamani ce, mai allo a gaban direba da ke faɗin nisan da sauran mai zai kai. Allon ya ce zai kai birni har da saura. Sai dai da safe Tasi'u gangara ya yi ta bi, motar ta yi lissafinta da wannan sauƙin, alhali hanyar birni hawa ce da yashi.

Tasi'u mutum ne da in motarsa ta yi magana, to an gama. Gidan mai yana can baya, ga layi. Ya ce, "Ba inda zan juya, ta ce za mu kai." Ya miƙe hanya. Daga baya likita ya ce da sun ɓata wannan lokacin, da gawa za su kawo.

Saratu ba ta iya tuƙi ba, amma akwai ido. Ta lura lambar allon tana zubewa fiye da yadda hanya ke raguwa. Ta ce, "Yaya, motar nan cika baki take yi." Ta sa ya kashe na'urar sanyi, ya daina taka wuta kamar ana korarsa, ta kuma tilasta masa sauke buhunan masarar da ke bayan motar a bakin hanya, yana ta ƙunƙuni. Da haka man ya ja su suka fita daga ƙaramar hanyar da ta ratsa daji, har suka hau babban titi. Nan motar ta mutu, allon yana nan yana alkawarin sauran tafiya.

Shi Lawandi ya taɓa tura motar nan a gaban surukansa, ranar da mai ya ƙare allon yana cewa da saura, bai kuwa yafe mata ba. Yana ajiye waya ya sayi fetur a galan, ya ɗaure a babur, ya kama babban titi ba wanda ya aike shi. Ya iske su a tsaye, ƙafar Inna ta kumbura, Tasi'u yana hawaye. Ya juye man, suka isa.

Tsohuwa ta warke. Karsana ɗaya gare ta, ta ce ta wanda ya ceci ranta ce, kuma ba za a yanka a raba ba.

To jama'a, wanda ya yarda da motar, wadda ta sa mata ido, da wanda ya ƙaryata ta tun daga nesa, wa za a miƙa wa igiyar karsanar?