Firjin da Dakta Junaid Ya Kulle

Akwai wani mai bincike a birnin Sakkwato, Dakta Junaid Sodangi, mazaunin unguwar Gidan Dare. Ilimi kam Allah ya ba shi, sai dai shi ma ya san an ba shi, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Aikinsa a kan feritin ne, wani furotin da jiki ke tara sinadarin ƙarfe a cikinsa, kamar yadda manomi ke zuba gero a rumbu. In ajiyar ta yi ƙasa sai jini ya ragu, mai ciki ta fara jiri da kasala.

Ba a ganin feritin da ido. Sai an ɗiga wa jini wani ruwa mai suna antibodi, wanda ke neman feritin ya manne masa, sannan na'ura ta auna. Daga ƙasar waje ake yo odarsa, a 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, kuma a yi wata da watanni ana jira. Zafi na taɓa shi ya tashi aiki.

Jinin da zai auna kuwa daga ƙauyen Dundaye ya samo shi. Da farko mutane sun ƙi. Wani dattijo manomin shinkafa, Malam Badaru, shi ya bi gida-gida yana lallashin mazaje su bar matansu masu ciki su bayar, ya kuma fara da 'yarsa Hauwa'u. Junaid ya yi musu alkawarin zai dawo da sakamako kafin su haihu, a san wadda ke bukatar kulawa.

To, a ɗakin bincikensu akwai wata al'ada. Duk wanda kayansa suka iso sai ya raba biyu, rabi a firjin ofishinsa, rabi a babban firjin sola na kowa da kowa, saboda halin wutar lantarki. Ranar da kwalbar Junaid ta iso, abokiyar aikinsa Dakta Khairiyya ta same shi.

"Dakta, ka kai rabi firjin sola, har da jinin. Wutar ga ba ta da amana. In da hali kuma ka sam mini ɗigo, nawa bai iso ba."

Junaid ya yi murmushi. "Au, ashe nan zancen yat tahi. Kowa shi jira nashi, Hajiya."

Ya zuba komai a firjinsa, ya sa wa ƙofar ofis ƙaton kwaɗo. Dama ya taɓa kai ƙarar wani gaban shugaban sashe don kawai ya buɗe masa firji, saboda haka kowa ya kama kansa.

Ana tsakiyar bazara ya tafi taro Abuja, makulli a aljihu. Bayan tafiyarsa taransifomar unguwar da ofishinsu yake ta ƙone. Khairiyya ta ga ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofarsa, ta garzaya wurin shugaban sashe. Shi kuwa ya ce ba mai fasa kwaɗon nan sai mai shi ya yarda da bakinsa.

Ta kira Junaid. Ya dubi waya ya ga sunanta, ya ce a ransa, roƙon dai ne. Ta sake kira, ta tura saƙo, ta kuma turawa. Gogan naka ya kife wayar, ko buɗe saƙon bai yi ba, ya ci gaba da yi wa mahalarta taro bayanin muhimmancin aikinsa.

Da ya dawo ya buɗe firjin, wari ne ya fara yi masa maraba. Ya gwada ruwan antibodin duk da haka, na'ura ba ta nuna komai ba.

Khairiyya ta leƙo. "Nawa ya iso, Dakta. Ɗebi abin da kake so."

Kunya ta rufe shi. Amma ko ya ɗiba, ba shi da abin da zai ɗiga wa, don jinin matan ma ya lalace.

Dole ya kama hanyar Dundaye. Ya tarar da Malam Badaru a ƙofar gida yana gyaran fartanya.

"Maraba da likita. Mi kunka gani cikin jinin ɗiyanmu?"

Junaid ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya faru, sannan ya roƙi a taimaka a sake ba shi wani jinin.

Dattijon ya ajiye fartanyar.

"Hauwa'u ta haihu shekaranjiya, sai da anka ƙara mata jini. Da ana ɗaukar ta zuwa asibiti, uwatta na tambaya ta, ina likitan ga? Ni da hurhurata na shiga gidajen mutane nac ce musu kai mai amana na. In wani jinin kaka so, ga gidajen nan, tashi ka shiga da kanka. Ni ba ni da bakin komawa."

Junaid ya tashi ya yi sallama a gidan farko. Aka leƙo, aka gane shi, aka mayar da ƙyaure.

Darasi: Wanda ya ɗauka kowa roƙonsa ya zo yi, ranar da aka zo cetonsa ma ba zai saurara ba, kuma asarar ba a kansa kaɗai take tsayawa ba, har da waɗanda suka amince masa. Ku tura wa abokan aikinku, wataƙila akwai mai kife waya a cikinsu.