Ranar da Sir Edmund Ya Buɗe wa Gawa Ƙofa

Jama'ar wannan shafi, ku matso. Akwai wani attajiri da aka yi a ƙauyenmu na Wennick, a Ingila, wai shi Sir Edmund Harcott. Kakata ce ta ba ni labarinsa. Ƙaton gidan gonarsa ya shiga tsakanin ƙauyen da coci, ga katanga ta kewaye shi, ko kare ba ya ƙetarawa.

Wata shekara ruwa ya yi gyara, ya tafi da gadar da ake bi zuwa coci. A makon ne kuma maƙeri Josiah ya rasu. Matarsa Dorcas ba ta da burin da ya wuce a binne shi a maƙabartar coci, kusa da kabarin 'yarsu. Hanya ɗaya ta rage, ta tsakiyar filin Sir Edmund.

To, a al'adarmu, duk inda aka bi da gawa ya zama hanyar kowa har abada.

Masu ɗauke da akwatin gawa suka tsaya a bakin ƙofa. Pruett, wakilin gidan, ya tare, ya juya ga Sir Edmund da ya fito. "Ranka ya daɗe, kada ka soma! Yau gawa, gobe masu tallan madara, jibi mashaya su zo suna maka waƙa a gindin taga."

Dorcas ta ce, "Ranka ya daɗe, Josiah ba zai tsinki fure ko ɗaya ba. Wucewa kawai zai yi."

Sir Edmund ya dubi lallausar ciyawar da kakanninsa suka yi ta tattali. Allah ya sani, ba ƙaramin so yake mata ba. Can sai ya cire hularsa ya miƙa wa Pruett.

"Riƙe min. Buɗe ƙofar, kai ma wata rana ta nan za mu bi da kai."

Ya sa kafaɗa aka ɗauki Josiah da shi.

Maganar Pruett kuwa ba ta faɗi ƙasa ba. Masu madara suka bi, mashaya suka bi. Sir Edmund ya yi ta mita har ya mutu, amma bai taɓa rufe ƙofar ba.

Daga baya aka yi yaƙi, zuriyarsa ta watse, aka rushe gidan, yanzu tumaki ne ke kiwo a wurin. Sauran masu gidan duk an manta sunayensu. Amma ta wannan hanya na je makaranta, kuma ina kewarta sosai. Har yau ko ƙaramin yaro ka tambaya, zai ce maka sunanta Hanyar Edmund.

Darasi: Abin da ka killace zai rushe, abin da ka buɗe wa mutane shi zai riƙe sunanka. Ku tura wa wasu su ma su karanta.