Metanol a Kwalbar Asitonitiril

Akwai wani mutum mai suna Tariq, jikan alhazan Kano da suka zauna a Umdurman, shi ke kula da ɗakin gwajin magunguna na wata jami'a a Khartoum. Yana da ilimi, amma girman kansa ya fi iliminsa.

A ɗakin akwai na'urar da ke rarrabe sinadaran magani ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ake haɗawa da sinadarin asitonitiril ya tura su cikin na'urar. Shekarar nan ga takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar, ga asitonitiril ya yi wuya ko'ina.

Sai Tariq ya ɓoye ragowar don aikinsa, ya cika kwalbar ɗalibai da wani sinadarin daban, metanol. Ko sunan da ke jikin kwalbar bai canza ba.

Kubura, ɗaliba daga Maraɗi, tana auna maganin zazzaɓi a jinin yaran da ta sha wahalar samowa a asibitin Soba. Tallafin karatunta ya kusa ƙarewa, in ba ta gama ba, gida za ta koma hannu rabbana.

Ta zuba rabin jinin, sakamako ya fito a cakuɗe. Metanol bai kai asitonitiril ƙarfi ba, sai an ƙara yawansa an sake saita komai. Da ta gano ta tunkari Tariq, ko kunya bai ji ba.

"Ma'alesh ya bitti, yi haƙuri 'yata, ai duk farin ruwa ne."

Wallahi ina rubuta wannan raina na ɓaci. Jinin yara marasa lafiya fa!

Kubura ta yi kuka, sannan ta zauna da metanol ɗin. Tana ƙara shi kaɗan-kaɗan, tana rage gudun ruwan don kada matsi ya yi wa na'urar yawa, har sinadaran suka rabu tsaf. Da ragowar jinin ta gama digirinta.

Ba a jima ba kwalbar Tariq ta ƙare, ga aikin wani kamfani a wuyansa, Khartoum kaf babu ɗigo. Ya zo yana sosa ƙeya yana roƙon ta koya masa aiki da metanol. Da ni ce, da ya ji ba daɗi.

Ita kuwa alƙalami ta miƙa masa a gaban ɗalibai.

"Fara rubuta gaskiyar abin da ke cikin kwalbar nan, ya Ustaz."

Ya karɓa, ya rubuta "metanol" a jikin kwalbar ɗaliban.

Darasi: In dole ta sa ka canza abu, faɗi gaskiya, kada ka bar wani ya gano da asararsa. Ku tura wa na kusa da ku.