Zanan da Tambari Ya Kafa

Akwai wani maƙeri a Gwandu mai suna Tambari, a zamanin da babur ya fara shigowa ƙasar Kabi, lokacin da idan aka ji ƙararsa har kaji sai sun watse. Tambari ya yi aiki a wajen masu jirgin ƙasa a Zariya, ya dawo da abin da babu mai shi a yankin: ya iya ɗora taya, ya iya daidaita ƙafar babur har ta daina rawa.

Iyawa kam ya iya, ba a ƙwace masa. Amma rowar sani ta yi masa katutu.

A bayan maƙerarsa ya kafa zana mai tsawo. Duk ƙafar da aka kawo, can ciki yake shiga da ita shi kaɗai. Ƙaninsa Haruna, magidanci da iyalinsa, shi ke masa zuga tun suna samari, amma ko leƙe bai isa ya yi ba.

"Yaya, ka bari in gani ko sau guda mana," in ji Haruna wata rana.

"Ka gani ka yi mi da shi? Gobe ka buɗe taka runhwa ka kwashe min mutane? Koma wurin zugarka."

Haruna ya koma. Abin ya ci masa rai.

A Kalgo kuwa akwai wani falke mai sayen fata, Basharu, wanda ya sayi babur a hannun wani Bature. Ranar nan ya faɗa rami, tayar baya ta yage, ƙafar ta karkace. Ya samo sabuwar taya, amma mai ɗorawa ya gagara. Maƙeran Kalgo suka duba suka ce ba ruwansu. Dukawa suka ce su fata suke ɗinki. Daga ƙarshe wani ya ce masa, "In ba Tambari na Gwandu ba, babu."

Basharu ya cusa tsummoki a tsohuwar tayar, ya lallaɓa, yana hawa yana turawa, har ya iso Gwandu a galabaice.

Tambari ya cire ƙafar ya shige bayan zana. Ya fitar da tayar, ya kwance duk wayoyin nan da ke riƙe da gargaren, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai, ya zube su a tabarma don ya miƙe ƙarfen ya sake ɗaure su. Sai ya kai hannu cikin tarin gawayi zai ɗauko guduma.

Kububuwa ce kwance a wurin. Ta sare shi a tsintsiyar hannun dama.

Ihunsa ne ya sa Haruna ya tsallaka zanan nan, karo na farko a rayuwarsa. Aka kashe macijiyar, aka ɗaure dantse, aka kira mai magani ya yi tsaga ya shafa abin da zai shafa. Hannu dai sai kumbura yake, jini ya ƙi tsayawa, har ya fara fitowa ta dasashi.

Basharu ya ce, "Akwai likitan Turawa Birnin Kabi. In an maida min ƙahwag ga, ni ka kai shi kahin rana ta karya."

Kowa ya juya ya dubi tabarma. Gargare a gefe, wayoyi a zube, taya a jingine. Mutum ɗaya ne a duk ƙasar ya san yadda ake haɗa su, ga shi kwance yana rawar ɗari.

"Haruna," in ji Tambari da kyar, "ɗauki wayan nan. Sa ta ramin can, ka gitta ta bisa 'yar'uwatta."

"Wane rami, Yaya? Ramukka sun yi yawa."

"Na hagu! A'a, ba wannan ba!"

Haruna ya yi ta sawa yana cirewa, hawaye na zuba. Abin da ake koya da ido a hankali, ba ya shiga ta kunne cikin firgici. Da aka ɗaure abin da aka ɗaure, aka maida ƙafar aka juya ta, sai ta karkace ta kama jikin babur, ko zagaye ɗaya ba ta yi ba.

Nan Tambari ya ɗago kai ya dubi zanan da ya kafa da hannunsa.

"Ku yaye shi," ya ce. "Ku yaye, kowa shi shigo shi duba. Wataƙila a samu wanda ya gane."

Aka yaye zana. Mutanen unguwa suka cika wurin, maƙera da dukawa da masu wucewa, kowa ya zuba wa wayoyin ido. Babu wanda ya taɓa ganin cikin aikin, balle ya gane.

Sai a kan doki aka ɗora Tambari aka nufi Birnin Kabi, Haruna na riƙe da shi ta baya. Suna tafe a hankali saboda jinin. Wajen garin Dalijan, Haruna ya ji nauyin yayansa ya sake a ƙirjinsa. Ya kira sunansa, ashe rai ya yi halinsa.

Basharu ya ɗaure babur ɗinsa gunduwa-gunduwa a kan raƙumi ya koma Kalgo. Kayan aikin Tambari kuwa suka yi tsatsa a ɗaki, domin ko 'ya'yansa ba su san me ake yi da su ba. Haruna ya ci gaba da ƙirar fartanya yana ciyar da marayu, kuma har ya tsufa idan ya ji ƙarar babur sai ya tashi ya shige gida.

Darasi: Sanin da ka ɓoye wa ɗan'uwanka, kanka ka ɓoye wa, domin ranar da hannunka zai gaza da nasa za ka nemi tsira. Idan Allah ya ba ka sana'a, ka koyar tun kana da lafiya. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani, ko wani zai yaye nasa zanan tun da sauran lokaci.