Littafin Malam Haladu

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari, Malam Haladu. Ajin yara masu jinkirin fahimta aka ba shi, ajin da kowa ya ƙi. Yana da littafi, kowane yaro da shafinsa. Kullum sai ya rubuta: yau wane ya riƙe fensir, yau wance ta amsa sunanta sau biyu cikin goma, ga kuma inda ta zauna. In ba a yi ba, ya rubuta ba a yi ba.

To, ku saurara. Akwai Malam Jibirin, mai ajin haziƙai. Shi ke cin kyauta duk shekara, amma iyaye ƙofar Haladu suke tsayawa suna sa albarka. Wannan albarkar ta tsaya masa a maƙogwaro. Hassada, jama'a, hassada!

Aka ce sufeto za ta zo, kuma ajin da bai ci gaba ba za a rufe shi. Jibirin ya leƙa shafin wata yarinya, Barira, ya ce, "Malam, wata uku kusan kullum babu, babu? Ɗan gyara mana, wa zai sani?" So yake Haladu ya gyara, shi kuma ya tona shi.

Haladu ya ce, "Malam, in na yi wa takarda ƙarya, Barira zan cuta."

Ranar zuwan, Jibirin da hannunsa ya miƙa wa sufeto littafin, har da buɗe shafin Barira. "Hajiya, duba aikin banza."

Hajiya ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Duk ranar da ta zauna jikin bangon hagu tana amsawa, a dama kuwa shiru. Yarinyar nan kunne ɗaya take ji da shi!"

Haladu ya ce, "Wallahi ban lura ba, Hajiya. Rubutawa kawai nake yi."

Aka kai Barira asibiti, aka tarar haka ne. Aka sake mata wurin zama, ta fara karatu, aji bai rufu ba. Jibirin kuwa kwana uku bai iya haɗa ido da kowa ba.

Jama'a, ku faɗi gaskiya ko da ku za ta kunyata, domin wani na jiran ta ya warke. Kai kuma da ke zaune nan kana ƙuna don an yabi maƙwabcinka, je ka gida ka tambayi kanka: me ya rage maka?